Katin koyar da suna da na saya wa yara: inda ya yi da inda ya gaza

Kati 120 ne a cikin akwatin kwali, kowanne da hoto a gaba, a bayansa kuma sunan abin da Hausa da Turanci. Tare da su akwai jakar yadi mai zariya, da ƙananan farantan roba huɗu da aka rubuta wa mutum, dabba, wuri, abu, sai 'yar takardar bayanin wasanni. Wata baiwar Allah ce a Abuja take haɗawa tana tallarsa a WhatsApp da Instagram. N14,500 na tura mata ban da kuɗin mota, ta ba direba ya sauke min a tasha nan Jos. Tun hutun ƙarshen shekara muke amfani da shi, kuma iyayen yaran ajinsu sun ishe ni da tambayar ko ya ci kuɗinsa, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta.

Babbar 'yata tana aji ɗaya na firamare. Ma'anar suna da Turanci tana bakinta tsaf, irin haddar nan da ake rerawa a aji ana buga tebur, cewa sunan mutum ne ko dabba ko wuri ko abu. Amma ki rubuta mata "Akuya ta ci ganye" ki ce ta nuna suna, sai ta ɗora yatsa a kan "ci". Hadda daban, ganewa daban. Ƙaninta kuwa shekararsa huɗu, yana ajin share fage, shi ba ma'ana nake nema masa ba, so nake bakinsa ya cika da kalmomi.

Mai kayan tana tallarsa da sunan tsarin Montessori, sunan da makarantun kuɗi da yawa a Jos da Abuja suke liƙawa a allon ƙofa. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya wadda ta buɗe gidanta na farko na koyar da yara a birnin Rum a 1907, kuma a tsarinta kowane rukunin kalma yana da alamarsa: suna baƙin dala ne mai kusurwa uku, aikatau jan da'ira. Baƙin dalan yana nan a gefen kowane kati. Haka kuma takardar bayanin ta kawo matakan nan uku na gabatar da kalma, wato ki fara cewa "wannan buta ce", sannan "nuna min buta", sai a ƙarshe ki tambaya "mece ce wannan?" Wannan kaɗai ya amfane ni, domin da a mataki na uku nake farawa, yaro ya yi ta zare ido ina jin haushi. Sai dai a ainihin tsarin kati kashi uku ne, mai hoto da suna, mai hoto kawai, da mai suna kawai, don yaro ya haɗa da kansa ya kuma duba ko ya yi daidai. Nata guda ɗaya ne mai gaba da baya. Don haka Montessori ɗin rabi ne.

Wasan farko shi ne na jaka. A zuba katin a ciki, yaro ya rufe ido ya zaro, ya faɗi sunan, ya ajiye a farantin da ya dace. Ban ɗauke shi a bakin komai ba sai da gardama ta fara tashi. Ƙaramin ya zaro kaza ya ajiye ta a farantin abu. Yayarsa ta ce dabba ce. Ya ce a'a, "Umma, ba ita muka ci da Sallah ba? Abinci ne." Ta ce ai ta hoton tana tsaye da ƙafarta. Suka kawo min ƙara, na ce kowa ya kawo hujjarsa, aka ƙare a kan cewa mai tafiya dabba ce, wadda ke cikin miya kuma nama ce, nama kuwa abu ne. Masallaci ma sai da aka yi shari'a a kansa, wuri ne ko abu, tunda gini ne ana taɓa shi. Wannan gardamar ita ce karatun. Yarinyar da take rera ma'ana ba ta san me take faɗa ba, ga ta tana kare ra'ayinta da dalili. In kika yi saurin yanke musu hukunci kin zubar da amfanin kuɗinki.

Wasan da ya fi yi mana aiki ba ya ma cikin takardar, mu muka ƙirƙiro shi, kuma dalilinsa surukata ce. Hajiya ta zo mana daga Kano, ta ji jikanta yana cewa "motan Abba ne", sai ta ajiye carbi ta dube ni. "Ke kuwa 'yar nan, haka za ki bar su? Mota ai mace ce." Duk wanda ya zauna a Jos ya san zancen. Hausa ce harshen kasuwa da keke da unguwa, Birom da Afizere da Anaguta da Ngas da Yarbawa da Ibo duk da ita ake ciniki, kuma a wannan cuɗanyar jinsin kalma ya sha wuya. "Yarinya ne", "rigan mama", "ya zo" ko da mace ce ta zo. A kasuwar Terminus babu mai kama ka da laifi, za a fahimce ka a ba ka kayanka. Amma yaron da zai zauna jarrabawar Hausa, ko ya je Kano hutu, zai sha dariya.

Sai muka shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida, ɗaya ta "ne" ɗaya ta "ce". Hajiya ta ɗaga kati, su kuma su yi tsalle su faɗa wadda ta dace suna faɗin jimlar: kujera ce, kofi ne, fitila ce, zaki ne. Ba a jima ba babbar ta gano da kanta cewa masu ƙarewa da "a" galibi tabarmar "ce" suke zuwa. Ta fara cika baki, sai Hajiya ta ɗaga mata gida. Ta faɗa "ce", aka ce ta fita. Ruwa, nama, wata, guga, duk suka kayar da ita. Ta yi fushi ta ce an yi mata wayo, Hajiya ta ce, "To uwar iya, kin taɓa jin an ce gidar Abba?" Nan ta tsaya ta gwada a bakinta, gidan Abba, motar Abba, ruwan randa, butar Hajiya, ta ga ashe ɗafin da ke ƙarshen kalma yana tona asirin jinsinta. Ni kaina a darasin nahawu na sakandare aka gaya min wannan, ita ta same shi tana haki a kan tabarma. Har sunayen garuruwa muka shigar, tunda su mata ne: Jos ce, Bukuru ce, Abuja ce.

Na tilo da jam'i yana cikin takardar, katin 30 ne suke da abokan haɗi. A kife su a ƙasa, yaro ya buɗe biyu, in ya haɗa akuya da awaki ya ci. A Turanci wannan wasan ba ya daɗewa, mafi yawa harafi ɗaya ake ƙarawa. A Hausa kuwa jam'i yana da gidaje barkatai, kuma na dabbobin gida su suka fi taurin kai: tunkiya tumaki, sa shanu, kaza kaji, doki dawaki, kare karnuka. Ƙaramin ya ji mota motoci, taga tagogi, hanya hanyoyi, sai ya yi wa kansa doka ya fara cewa kazozi. Ranar da ya kira dawaki dokoki Abbansu sai da ya ƙware da shayi. Ban tsawata masa ba, don kuskuren ya nuna kansa yana aiki. Ina maimaita masa daidai ne kawai in wuce.

Yanzu ga inda ya ɓata min rai.

Babu ƙugiya ko ɗaya a rubutun Hausar. An rubuta kofa, daki, bera, kasa, karfe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kayan da aka yi don masu koyon karatu. Yarinya tana haɗa baƙi da wasali, ta karanta abin da ta gani, sai ta ce "daki" da d ɗin dawa, ta juya kati ta ga ɗaki, ta rikice. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da alƙalami mai kaurin baki ina lanƙwasa kan ɓ da ɗ da ƙ, amma da yake an lulluɓe katin da leda, tawadar tana gogewa a hannun yara. Na yi wa mai kayan magana, ta ba da haƙuri cikin mutunci, ta ce na'urar mai buga mata ce ba ta fitar da haruffan. Ban karɓi wannan uzurin ba. Yau ko a waya akwai allon rubutun Hausa, jaridu da littattafan makaranta kuma suna fitar da su.

Na biyu, hotunan daga intanet aka kwaso su, kuma na wata duniya ne. Akwai farar dabbar ƙanƙara, akwai mutum-mutumin ƙanƙara, gida kuma mai bututun hayaƙi a rufi. Katin kasuwa hoton babban kanti ne da keken tura kaya. Yarona da nake zuwa Farin Gada da shi, ya saba ganin kwandunan tumatir da tulin kabeji da karas da buhunan dankalin Turawa, ya dubi katin ya ce, "Wannan shago ne." Gaskiyarsa. A cikin kati 120 babu turmi, babu taɓarya, babu tsintsiya, babu ludayi, babu murhu, babu keken da yake kai su makaranta kullum. Buta ma ta shayi ce irin ta Turawa. Dole na ɗauki hotunan kayan gidanmu da waya na kai shagon buga takardu aka fitar min aka yanka, ƙarin kuɗi ke nan. Abin lura, waɗannan na gidan su yaran suke fara wawaso.

Ledar kuma ta fara ɗagowa a gefen waɗanda aka fi taɓawa, kusurwoyin suna da kaifi, sai da na zagaye su da almakashi. Takardar bayani da Turanci kawai take, alhali a gidaje da yawa kaka ce ko mai aiki take zama da yara da rana.

Akwai kuma iyakar da ba laifin mai kayan ba ce. Kati yana iya nuna abin da ido ke gani ne kawai, wato suna gama-gari. Sunan yanka babu shi, sai muka yi amfani da hotunan 'yan uwa da sunayen unguwanni, a nan babbar ta koyi fara su da babban baƙi. Su yunwa, tsoro, gajiya, sanyi, ba su da hoto, sai dai kwaikwayo: ɗaya ya yi, saura su canka. Sanyi bai ba kowa wuya ba, hunturun Jos ya riga ya koyar da shi. Suna tattarau irin su garke da ayari da dami na bar su sai gaba, sun yi wa ɗan shekara huɗu nauyi. Rubutun jikin akwatin ya ce daga shekara 3 zuwa 8, ni a ganina daga 4 zuwa 6 ne. Ɗan maƙwabciyata mai shekara takwas ya leƙo sau kaɗan ya koma ƙwallonsa. Irinsu wasan takarda ya fi kama su, wanda ake zaɓar harafi kowa ya rubuta suna, gari, dabba, abu kafin a ce a tsaya.

Katin dabbobin sun yi rana da muka je gidan zu da ke kusa da gidan tarihin nan da aka buɗe tun 1952. Kowa da rabonsa a aljihu, duk dabbar da aka gani a zaro katinta a kira sunanta da jinsinta. Waɗanda ba a samu ba aka dawo da su jaka.

Wani abu da Hajiya ta tuna min: wasannin da muka tashi da su ma darasin suna ne, ba a dai kira su haka ba. Jini-jini, inda mai bayarwa yake jero sunaye ana amsa "ja" ga mai jini, a yi shiru in ya ambaci dutse ko icce, rarrabe dabba da abu ne tsantsa. Kacici-kacici kuwa kusan duk amsarsa suna ce. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Ƙulin ƙulifita, gauta. Da dare in an ɗauke wuta waɗannan muke yi, kuma ko kwabo ba a biya. Abin da katin ya fi su da shi shi ne rubutu, yaro yana ganin kalmar da idonsa, da kuma ɓangaren Turanci da makaranta take tambaya.

Wannan ɓangaren yana da muhimmanci, ba zan ɓoye ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 kuma ministan ilimi ya sanar an janye an koma Turanci. Makarantar yarana dama ba ta taɓa sauya komai ba, Turanci take yi tun daga ƙofa. Abin da na lura shi ne, da babbar ta gane mene ne suna a Hausa, ba ta sake neman bayani a Turanci ba. Aikin gida na ja layi a ƙarƙashin suna yanzu ita kaɗai take yi, kuma malamarsu ta rubuta mata yabo a littafi. Hausar kuwa in ba a gida ba babu inda za a gyara mata ita.

Ko ya ci kuɗinsa? In akwai babban da zai zauna a yi wasan da shi, ko da kwata ɗin awa ne bayan la'asar, e, ya ci, duk da gyare-gyaren da na lissafa. In kuwa za a miƙa wa yara ne a koma kan waya, kafin mako ya zagayo za a tsinci rabinsa a ƙarƙashin kujera. Malamar da take da aji mai yara da yawa akwati ɗaya ba zai ishe ta ba, gara ta sayi kwali ta yanka nata, ta sa yaran su zana.

Mai kayan ta ce bugu na gaba zai zo da ƙugiya da hotunan gida, har ta roƙi in tura mata jerin kayan da nake ganin sun dace, na tura. Wanda zai saya, kafin ya tura kuɗi ya ce ta ɗauko masa hoton bayan katin ƙofa da na ɗaki. In kun ga ƙ da ɗ da lanƙwasarsu, sabon bugu ne.