Sayar da Masara ta Hannun Ƙungiyar Manoma: Abin da Kaka Uku Suka Nuna Mini

Ni ƙaramin manomi ne a yankin Saminaka da ke ƙaramar hukumar Lere a jihar Kaduna, kuma gonata ba ta kai hekta biyu ba. Tun kakar 2022 nake kai wani kaso na masarata ga ƙungiyar manoman garinmu domin ta sayar a madadina, maimakon in ɗora ta a mota zuwa kasuwa kamar yadda na tarar mahaifina yana yi. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, domin akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba da zan faɗa, kuma shugabanninta mutane ne da muke haɗuwa a masallaci da wurin jana'iza.

Tsarin ba shi da wahalar fahimta. Mutum zai biya kuɗin shiga a rubuta sunansa, idan kaka ta yi ya kawo masararsa sito, a duba bushewarta, a ɗora ta a sikeli, a ba shi takarda mai ɗauke da nauyin abin da ya kawo. Idan kaya suka taru, shugabanni su nemi mai saye, galibi kamfanonin da ke haɗa abincin kaji ko manyan 'yan kasuwar da ke kai hatsi Dawanau a Kano, sannan a cire kuɗin ajiya da na dako da la'adar ƙungiya, a raba sauran gwargwadon nauyin kayan kowa.

Abin da ya fi yi mini amfani a cikin wannan duka shi ne sikeli, kuma ban gane haka ba sai da na gani da idona. A kasuwa buhu ake ciniki, ba nauyi ba. Kowa ya yarda a baki cewa buhun masara kilo 100 ne, amma dillali ba zai kalli buhunka ba sai ka cika shi ya yi tozo har ɗinki yana neman ya gagara, kuma idan aka koma awo da tiya, tiyar mai saye ba ta cika zama daidai da ta mai sayarwa ba. Ranar da na fara kai kaya sito, buhu goma na kai, waɗanda na cika irin cikawar kasuwa, sai ga shi sikeli ya nuna sun haura tan ɗaya da kusan nauyin wani buhun. Na tsaya ina lissafin shekarun da na yi ina kyautar da buhu guda a cikin kowane goma sha ɗaya ba tare da an ce mini ko na gode ba. Ko da ƙungiyar ba ta samo mini farashin da ya fi na kasuwa ba, wannan kaɗai ya biya la'adar da take karɓa.

Na biyu shi ne yawan kaya. Tirela tana ɗaukar kimanin tan 30, wato buhu 300, kuma babu kamfanin da zai turo mota ƙauye saboda buhu goma sha biyar na mutum ɗaya. Tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, ƙaramin manomi ya zama shi kaɗai ne a gaban mai saye, kuma duk wanda ya riga ya biya kuɗin mota da na lebura ya sauke kayansa a kasuwa ba shi da bakin cewa albarka, domin mayar da su gida wata asarar ce. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dako ya yi tashin da ya sa kai buhu biyu ko uku kasuwa mai nisa ya zama aikin banza. A ƙungiya kuwa mai saye ne ke zuwa ya tarar da kaya a sito, kuma idan tayinsa bai yi ba, a ce masa Allah Ya kawo kasuwa, kayan na nan inda suke.

Wajen inganci ƙungiyar tana da tsanani, kuma a farko na ɗauki abin a matsayin wulaƙanci. An mayar mini da buhu uku a shekarar farko bisa cewa ba su gama bushewa ba, alhali na tauna ƙwayar na ji ta yi ƙaras kamar yadda muka saba gwadawa. Na'urar awon laima ta ce ba haka ba. Kamfanoni ba sa son masarar da laimarta ta wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari, domin irin wannan ita ke yin fumfuna a ajiya, fumfunar kuma tana haifar da gubar da ke cutar da kaji da mutane. Buhu ɗaya mai laima yana iya sa a ƙi karɓar lodi gaba ɗaya, hakkin mutum talatin ya tafi saboda gaggawar mutum ɗaya. Yanzu a kan tamfol nake shanya, ba a ƙasa ba, kuma abincin gidana ma na koma zuba shi a buhun PICS mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, wanda a sito na fara ganin amfaninsa, ƙwari ba sa taɓa hatsin ba tare da an sa magani ba.

Inda ƙungiyar ta gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce, shi ne biyan kuɗi. Dillali, duk da ƙwararsa, a take yake ƙirga maka kuɗinka. A ƙungiya sai kaya sun taru, sai an sami mai saye, sai kamfani ya biya, sannan ma'aji ya zauna ya raba, kuma na taɓa jiran makonni bakwai tsakanin ranar da na sauke kaya da ranar da kuɗi suka shigo hannuna. Ni ina da ɗan albashin koyarwa da ke riƙe ni, shi ya sa na iya jira. Wanda kuɗin makarantar yara da bashin taki da hidimar aure suka taso masa lokaci guda a watan Nuwamba ba zai iya ba, balle wanda ya riga ya ci falle tun damina, wato ya karɓi kuɗi a kan zai biya da hatsi idan an girbe. Saboda haka mutanen da aka ce don su aka kafa ƙungiyar su ne suka fi sayar da kayansu a bayan fage, masu ɗan hali kuma su ne ke cin moriyar sito. Duk taron da aka yi sai an zarge su da rashin biyayya, ni kuwa ban ga laifinsu ba.

Wannan matsala tana da magani, kuma ba daga nesa ba. A Jamhuriyar Nijar ƙungiyoyin manoma sun daɗe suna aiki da tsarin da suke kira warantaj, wanda hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wajen yaɗa shi tun ƙarshen shekarun 1990. Manomi zai ajiye geronsa ko wakensa a sito, a rufe da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance, a ba shi wani kaso na darajar kayan nan take, idan an sayar a bazara a cire bashin. Na san da yawa daga cikinmu ba za su taɓa rancen da ke da ruwa ba, amma ko asusun karo-karo irin na adashi ne ƙungiyar ta kafa domin ba wa mabuƙata wani abu ranar sauke kaya, da an rage yawan masu komawa hannun dillali.

Sai batun jinkirta sayarwa domin jiran tsada, wanda shugabanninmu ke magana a kansa kamar riba ce da aka rubuta. Masarar da aka ajiye daga kakar 2023 zuwa tsakiyar 2024 ta yi riba mai yawa, domin farashin abinci ya yi tashin da ba a saba gani ba. Wannan ya sa aka ƙara zage damtse wajen ajiya a kakar 2024, ba tare da la'akari da cewa tun a watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da wake da wani nau'in shinkafa na tsawon kwana 150 ba. Da aka shiga 2025, maimakon farashi ya hau kamar yadda aka saba, sai ya yi ƙasa, muka sayar a kan kuɗin da bai kai na kaka ba, ga kuɗin ajiya a kai. Faɗuwar kasuwa ba laifin kowa ba ce a garinmu. Abin da ya ɓata mini rai shi ne mutum huɗu ko biyar ne suka yanke shawarar riƙe kayan mutane masu yawa, ba a kira taro ba, kuma ba a ba wanda ke son a sayar da nasa kason da wuri wannan dama ba.

Akwai ƙananan ƙorafe-ƙorafe da zan ambata a taƙaice. Ba a karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a sai an matsa, duk da cewa ban taɓa kama kowa da cin ko kwabo ba. Dawa da wake ba sa samun kulawar da masara ke samu, saboda masara ce kamfanoni ke nema da yawa. Mata kuma, waɗanda su ne ke da ƙananan kaya na tiya goma ko ashirin, kusan babu su a rajista, domin sito ba ya karɓar abin da bai cika buhu ba.

A bana ma zan kai kaya, amma ba duka ba. Zan fara ware abincin gida na shekara, in sayar da abin da zai biya buƙatun kaka a kasuwa duk da na san za a ci ni a awo, sauran in kai sito da sharaɗin a rubuta a takardata cewa idan watan Fabrairu ya wuce ina da ikon cewa a sayar da nawa. Na gabatar da wannan buƙata ga shugaban ƙungiya a rubuce, ya ce za a duba ta a taro mai zuwa.