Sauke Attaura a Shekara Ɗaya ko a Shekara Uku?

Yahudawan Babila sun raba Attaura kashi 54, kowace Asabar a karanta kashi ɗaya a majami'a, wani makon biyu. Ranar bikin Simhat Tora, wato bikin murnar Attaura, ake saukewa, nan take kuma a koma farko. Wannan tsarin ne ya yaɗu ko'ina, kuma shi na fi so: duk shekara yaro da tsoho suna sake cin karo da labarin Yusufu a lokaci guda, har ya zauna musu.

A ƙasar Isra'ila ta da can kuwa, sai bayan shekara uku ko fiye ake saukewa. Karatun gajere ne, mai wa'azi yana samun sararin tsayawa kan aya ɗaya. Wasu majami'un Yahudawa a Amurka suna bin makamancinsa yau, su karanta sulusin kashin mako kawai.