Shagon buga takardu na Akoka da ya mayar min da ƙanina mutum

Salamu alaikum jama'a. Tuntuni nake son in yi magana a kan wani shagon fotokwafi da buga takardu da ke Akoka, 'yar tafiya kaɗan daga babbar ƙofar Unilag, wato Jami'ar Legas, saboda 'yan uwanmu na Agege da Mile 12 masu yara a jami'a kullum tambayarsu ɗaya ce, ina yaro zai samu ɗan aikin da zai riƙe kansa ba tare da karatu ya lalace ba. Ƙanina ya yi shekara biyu yana aiki a can, ni ma can nake kai rasit na shagona, har katin ɗaurin auren ƙanwarmu su suka buga.

Wajen aikin bugu ba ni da ƙorafi, rubutu na fitowa tas, ana biya da POS ko taransfa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 suka haɗa sola, ko an ɗauke wuta aiki ba ya tsayawa.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne yadda mai shagon take renon ɗaliban da ke mata aiki. Dattijuwa ce Bayarabiya, kowa Mama yake ce mata, kuma ɗalibai kawai take ɗauka, na Unilag da na Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba. Ranar farko sai ka kawo mata jadawalin laccarka, da shi take tsara lokacin aikinka, in akwai jarabawa ita da kanta take korar ka gida. Watan farko ba za ka taɓa kwamfuta ba, daga yankan takarda sai sitefula sai gaishe da kwastoma, ƙanina har fushi ya yi a lokacin wai shi ɗan aji biyu a jami'a. Daga nan a koya maka Word da CorelDraw da Excel, sai kuma babban abin, duk mako ɗalibi ɗaya ake miƙa wa makullin shago da littafin lissafi, shi zai buɗe shi zai rufe, shi zai ƙirga rim nawa aka fasa, kowane rim takarda 500 ce kuma sai lissafin ya yi daidai da kuɗin da ke cikin durowa, shi zai raba wa sauran aiki har da waɗanda suka girme shi.

Wata ranar Laraba na je karɓar rasit, makon ƙanina ne na riƙe makulli. Ga wata yarinya 'yar ajin ƙarshe tana kuka, an ɗaure mata firojet da bango mai tauri ashe shafi biyu sun ɓace a babi na huɗu, kuma washegari za ta miƙa. Yaron da ya ɗaure ya fara musu. Wallahi ina tsaye ƙanina, wanda a gida ko gaban Baba ba ya iya ɗaga kai ya yi magana, ya ce mata ta yi haƙuri laifinsu ne, ya jawo mata kujera, ya ja yaron gefe suka yi ƙus-ƙus ba tare da ya kunyata shi a gaban mutane ba, suka ɓare bangon suka sake bugawa suna ƙirga shafi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya buɗe littafi ya rubuta asarar da sunansa, tunda shi ke riƙe da makulli. Ya juyo ya ce, "Yaya, ka ɗan ba ni minti goma." Na ba shi da zuciya ɗaya.

Ya yi SIWES ma, shirin nan na gwamnati da ɗalibai ke zuwa koyon aiki, a wani kamfani can cikin Ailan, wato tsibirin Legas, kullum da asuba yana tsallaka gadar Third Mainland, amma gaskiya yawancin abin da ya yi a can aike ne da jiran a sa masa hannu a littafi. Abin da ya riƙa faɗa ranar da aka yi masa intabiyu na aikin da yake yi yanzu duk daga shagon Mama ya samo shi, ita ce ma ta zaunar da shi suka gyara CV kuma ta rubuta masa takardar shaida. Ranar Juma'a ba ta taɓa hana shi zuwa masallacin jami'a ba, da azumi kuma aikin safe take ba shi.

Inda zan ɗan rage musu maki, albashin kaɗan ne, in yaro daga Agege yake tasowa kuɗin danfo kawai zai cinye rabi, gara mai zama a hostel ko Bariga. Sannan lokacin firojet shagon cika yake maƙil, ɗaki ƙarami ga zafin injina, ka tura takardarka a PDF ta WhatsApp tun dare ka zo da sassafe. Mai son a ɗauki yaronsa kuma farkon zangon karatu Mama take ɗauka, yaron ya je da kansa da katin makaranta da jadawalin lacca, ba ta son iyaye su zo roƙo.