Gasar ces ta ƙarshen mako: wasan sauri ko dogon wasa?

A dokar FIDE, hukumar wasan ces (chess) ta duniya, wasan sauri shi ne wanda kowane ɗan wasa ke da fiye da minti 10 amma ƙasa da 60. Ana iya buga zagaye shida ko bakwai a yini ɗaya, kowa ya kwana gida, babu kuɗin masauki. Ga ma'aikaci ko ɗalibi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Dogon wasa kuwa, irin na minti 90 da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane taku, yakan ci awa huɗu, shi ya sa zagaye biyu kan cinye yini. Amma a nan ne ɗan kulob yake ƙaruwa. Dole ya rubuta kowane taku a takarda, abin da ba a wajabta a wasan sauri ba. Bayan an tashi, sai su zauna da abokin karawarsa su bi takardar, su gano inda doki ya kauce ko sarki ya rasa kariya. A wasan sauri sau da yawa agogo ne ke kayar da mutum, ya tafi bai san kuskurensa ba.

Ni dai, wanda yake son hannunsa ya faɗa, dogon wasa zan tura shi.