Fetuniya ko fotulaka a barandar Legas

Maƙwabciyata a Agege ta rataya fetuniya, wani furen ado, a baranda, ni kuma na shuka fotulaka, furen nan mai buɗewa da hantsi. Gaskiya fetuniya ta fi ɗaukar ido in ta zubo daga tukunya. Sai dai ruwan Yuni da Yuli ba ya raga mata: furannin su jiƙe su yi laushi, saiwar ta ruɓe in gindin tukunyar babu huda. Ga son taki, ga tsinke matattun furanni.

Fotulaka kuwa rana da ƙasa mai yashi sun ishe ta. Ki karya reshe ki soka, ta kama. Ranar da hadari ya rufe sama ne kawai take ƙin buɗewa. Ni dai ita na zaɓa.