Daga Alƙahira, kafin a ɗora kwanon

Yaya, ina gaisuwa. Ya Inna da yara? Na ji ginin ya kai linta, har ka fara tambayar kuɗin AC. Don Allah ka ɗan dakata.

A nan Masar AC ba abin nema ba ne. Kowane bene a unguwar Madinat Nasr za ka ga injinansa jere a bango suna ɗigar ruwa. Wutarsu ta fi tamu tsayawa nesa ba kusa ba, sai dai gidaje da yawa mitar kati ce, AC kuwa ba ya tausayin kati. Kuma a zafin 2023 da 2024 su ma sun ɗanɗana rabon wuta unguwa-unguwa. A nan benayen simintin suka nuna halinsu: zafin da bango ya sha da rana, da dare yake amayo maka shi.

Tsohuwar Alƙahira ce ta ba ni mamaki. Akwai wani gida, Baitus Suhaimi, a wani lungu kusa da titin Mu'izz, tun 1648. Ka shiga da azahar, ba fanka ba komai, jikinka ya huce. Bango mai kauri, tsakar gida da shuke-shuke, rumfar zama a sama tana kallon arewa, don iskarsu mai sanyi daga tekun Bahar Rum take busowa. Tagogin na katako ne da aka sassaƙa ƙananan ƙofofi, mashrabiyya, iska ta shiga, rana ta tsaya waje. Wasu tsofaffin gidajen har da wata kafa a saman rufi, malƙaf, mai kamo iska ta zubo da ita cikin ɗaki. Tulunsu na ƙasa, ƙulla, yana sanyaya ruwa, amma ni dai randar Inna ta fi.

Ai soron Kaka mai azara da wannan dabarar aka yi shi, mu ne muka guje shi muka koma bulo da kwano.

Kar dai ka kwafi fuskantar arewa, mu ƙurar hunturu ce ke zuwa mana ta can. Ka gaya wa magini ya ɗaga rufin sosai, a sa silin, a bar kafar da zafi zai fita ta sama, kowane ɗaki taga biyu masu kallon juna. Darbejiyar da ke yamma da filin kuwa, kar wanda ya taɓa ta.