Kafin ka zuba kuɗinka a littafan tsohon adabin Ingila

Wata ƙanwata ce da ke sashen Turanci ta turo min hoton jerin littafan da aka ce su nemo, tace Yaya wanne zan fara saya, kuɗin hannuna ba zai ɗauki duka ba. Amsar da na ba ta ce zan ɗan faɗaɗa anan, dan na san ba ita kaɗai ba ce ke tsayawa gaban mai littafai tana rarraba ido.

Kafin ka duba sunan da ke bango, fara tambayar wane irin Turanci ne a ciki. Akwai Old English, na mutanen Anglo-Saxon da suka tsallako tsibirin daga yankin Jamus da Danmak wajen shekara ta 450, wannan wallahi ko Baturen Landan ka miƙa wa ba zai karanta layi biyu ba, wani yare ne daban har da haruffan da yanzu babu su. Sai 1066 William na Normandy ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, Faransanci ya koma yaren fada da kotu, Turanci ya kwashi kalmomi ya sake kama, aka samu Middle English wanda ya kai har wajen 1500, shi kam in ka daure kana leƙa bayanin ƙasan shafi za ka gane. Kenan duk littafin zamani na farko fassara za ka saya dole, a na biyun ne kake da zaɓi.

In ɗalibi ne kai kuma littafi ɗaya tak aljihunka zai ɗauka, ka nemi Norton Anthology of English Literature, juzu'in da aka sa wa harafin A, shi ne na waɗannan zamunan biyu. Akwai waƙar Beowulf ta zamanin Old English cikakkiya a ciki, akwai labaran Chaucer, marubucin zamanin Middle English, da aka zaɓo da asalin yarensu an yi bayanin kalmomi a gefe, ga gabatarwar tarihin kowane zamani wadda kusan duk abin da malami zai tambaya a jarabawa tana da shi. Aibunsa biyu: takardar siririya ce, biro mai ruwa na huda ta, sannan sabo tsada gare shi. Na gwanjo ya wadatar, bugun baya ma ba laifi, waƙar da aka yi shekara dubu ba ta canza ba. Kawai ka lura da harafin, ni na taɓa yin oda aka kawo min juzu'in ƙarni na sha tara, mai shagon kuma ya ce shi ba ya karɓar kayan da aka buɗe.

Toh Beowulf, anan ake tafka kuskure dan fassarorin sun yi yawa. Waƙa ce mai layi 3182, kwafi ɗaya tal ya rage a duniya, shi ma gobarar 1731 ta lashi gefensa, yanzu yana British Library. Abin dariya labarin ma ba a Ingila ya faru ba, jarumin daga kudancin Suwidin ya je Danmak ya kashe dodo Grendel, ya kashe uwar dodon, da tsufa ya kama shi ya kara da wani ƙaton maciji mai aman wuta suka kashe juna. Waƙar ba ta da amsa-amo a ƙarshen layi irin namu, sautin farkon kalmomi ake maimaitawa, shi yasa mai fassara ke shan wuya. Fassarar Seamus Heaney ta 1999 ita nake ba kowa, tana da daɗi a baki in ka karanta da ƙarfi, kuma akwai bugun da aka jera asalin a hagu fassara a dama, in ka samu wannan kar ka tsaya ciniki da yawa. Ta Tolkien da ɗansa ya fitar a 2014 zube ce ba waƙa ba, ta fi bin asalin sau da ƙafa amma tana da nauyi, sharhin bayanta ne abin saye, na mai rubuta furojet ne. Ta Maria Dahvana Headley ta 2020 kuma da yaren ƴan zamani ta yi, kalmar farko ma Bro ta sa, akwai nishaɗi amma kar ka kuskura ka kafa hujja da ita a jarabawa.

Wanda mutane ba su cika sani ba kuma ni na fi so shi ne The Anglo-Saxon World na Kevin Crossley-Holland. Ba tsada, kuma ban da Beowulf akwai waƙoƙin kewa da kaɗaici, akwai kacici-kacicin wani tsohon kundin waƙoƙi da ake kira Exeter Book, ai duk wanda ya tashi ana ƙulun ƙulufit a tsakar gida zai ji kamar gida ya dawo, wasu ma masu harshen damo ne har ka yi mamakin wai a coci aka ajiye littafin. Tarihin cocin Ingila da wani malamin coci mai suna Bede ya kammala a 731 kuwa da Latin ya rubuta shi, a ciki ne labarin Caedmon yake, makiyayin da aka ce a mafarki ya samu baiwar waƙa, amma sai dai in an sa ku dole, karanta shi a laburare ya isa.

Sai Chaucer, wanda ya rasu a 1400 bai gama Canterbury Tales ba, labari 24 ya bari. Matafiya ne wajen talatin suka haɗu a masaukin Tabard da ke Southwark za su ziyarci kabarin babban limamin coci Thomas Becket a garin Canterbury, suka ce kowa ya ba da labari a rage hanya. Zaɓi biyu ne a gabanka. Fassarar Nevill Coghill ta Penguin, tun 1951 ake buga ta, ita ce ta mai son ya ji labari ya yi dariya. Riverside Chaucer kuma ƙato ne, asalin yaren da duk ayyukan mutumin, na wanda zai yi digiri na biyu ne, ɗan aji biyu bai da abin yi da shi. Ni da Coghill na fara sannan na koma Norton ina gwada layi da layi, sai na ga ashe rabin tsoron da nake ji rubutun kalmomin ne kawai. A gabatarwar Canterbury Tales ma, inda Chaucer yake lissafo malaman da likitan tafiyar ya karanta, za ka ga Ibn Sina da Razi da Ibn Rushd. Amma fa in ƙaninka na sakandare za ka saya wa ka sani labarin mai injin niƙa akwai batsa, na lauya kuma bai yi wa Musulmi adalci ba ko kaɗan.

Waƙar Sir Gawain and the Green Knight ba a san wanda ya rubuta ba, kuma karin harshen arewa maso yammacin Ingila ne, ya fi na Chaucer wuya nesa ba kusa ba, dan haka fassarar Simon Armitage za ka nema, sai dai fara duba Norton ɗinka tukunna, bugun baya-bayan nan na ɗauke da ita kar ka saya sau biyu. Le Morte d'Arthur na Malory da mai ɗab'i Caxton ya buga a 1485 shi ba ya buƙatar fassara, wanda aka gyara masa rubutu kawai ya isa.

Na kyauta a intanet fa? Akwai su a Project Gutenberg, amma yawanci fassarar sama da shekara ɗari ce, Turancinta kanta sai an fassara maka. Ƙanwar tawa dai Norton na gwanjo ta samu wajen wata da ta gama, ragowar canjin ta ƙara ta ɗauki Coghill.